Ƙarfen Lahadi

A unguwarmu, can bayan Andarai ta ƙasar Maiyama, ba mu taɓa mallakar ƙararrawa ba. Abin da muke da shi wilin wata babbar mota ne, wato ƙarfen nan da ake saka wa taya, an rataye shi da sarƙa a reshen dogonyaro gaban coci. Ubana ya ce a hanyar Jega ya tsince shi. Direban motar bai taɓa zuwa ya ba da nasa labarin ba, don haka muka bar shi a tsintuwa.

Iyayenmu daga wajen Zuru suka taso neman ƙasar noma, masu gari suka yanka musu gefe. Suka yi gero da dawa, daga baya suka koyi albasa wurin mutanen Aliero. Gidajenmu ba a haɗe suke ba, kowa ya kafa nasa a tsakiyar gonarsa, sai cocin laka a tsakani. In ba a buga ƙarfe ba, Lahadi sai ta zo ta wuce wasu suna can suna ban ruwa.

Innata ce ta fara bugun, da guntun rodi. Ba wanda ya naɗa ta, kuma ba wanda ya isa ya sauke ta. Ita ba ta yarda da bugun gayya ba. Cewarta, in ka kira kowa da kowa, kowa sai ya zaci maƙwabcinsa ake nufi. Sai ta yi wa kowane gida nasa bugun. Na gidan kafinta mai nauyi ne, a buga a tsaya, kamar guduma. Na gidan mai injin niƙa a jere yake da sauri, ba numfashi. Na gidanmu shi ne na ƙarshe, a bakin ƙarfen ake yin sa, siriri, ƙil-ƙil-ƙil, kamar kaza na tsattsagar kwano. Ta ce ta sa mu a ƙarshe ne don ɗanta ba ya tashi sai kowa ya gaji. Ƙage ne, amma uwa ce.

Dokarta guda ce: ba ta barin bugun gida sai ta ga wani ya fito daga ƙofar gidan. In kun makara, haka za a yi ta kiran ku duk karkara na ji. Musulmin unguwar ma sun haddace. Akwai maƙwabcina malamin allo, tare muka yi ƙuruciya, gonarsa na jikin tawa. In muka haɗu ran Litinin sai ya ce, "Jiya kafinta ya sha bugu. Hala burkutu ne?" In ce masa zazzaɓi ne. Ya ce, "Wanga zazzaɓi na Lahadi, Allah shi raba mu da shi."

Ni aikina a ciki yake. Karatuna aji huɗu ne, amma aji huɗun da, ba irin na yanzu ba. Da shi na zama mai karanta Maganar Allah a sujada. Ina bi da yatsa, in na ci karo da sunan da ya fi ƙarfina sai in yi tari in tsallake. Ubangiji ya san mutanensa, ba sai na kira masa su ba.

Da hannun Inna ya soma rawa, matata ta karɓi rodin. Surukai ne da ba su taɓa shiri a kan gishirin miya ba, amma a kan ƙarfe bakinsu ɗaya. Tsohuwata, matar tawa ke nan, ta riƙe dokar yadda ta same ta, har ta ƙara mata yaji, don ita in kun wuce kima sai ta bar ƙarfen ta taho da rodin a hannu.

Ɗanmu namiji guda ne, kuma ya yi karatu har ya gaji. Yana Abuja, yana aiki a ofis, dattijo ne a wani coci mai gilashi inda ake addu'a da Turanci. Ba na son alfahari, kowa ya shaide ni. Sai dai a shekarun nan, duk wanda ya ce mini ina kwana a kasuwar Jega sai ya ji labarin Abuja kafin ya ji lafiyata. Masu sayen albasa har sun gane, in sun hango ni sai wani ya ce, "Ku gyara, ga uban Abuja nan." Ni kuwa in gyara hula, don ba ƙarya suka yi ba.

Da aka yaye ɗiyarsa ta fari sai aka kawo wa kakarta, kamar yadda aka saba. Yaye ya zama zama, yarinya ta girma a hannunmu har ta isa sakandare. Ni amaryata nake ce mata, ita ta ce ba ta auren mai haƙori uku. Tun ba ta kai tsawon turmi ba tsohuwata ke kife mata tasa ta ba ta muciya, tana koya mata gida-gida. In ta yi kuskure sai ta ce, "Wanga ba mai niƙa ba ne, injin nai bai lalace ba. Sake." Da tasar nan ta koya mata addu'ar safe, da ita ta koya mata sunayen mutane. Yarinyar ta san ikilisiyarmu da kunne kafin ta san ta da ido. Sannan ubanta ya zo ya ɗauke ta, ya ce makarantun can sun fi. Na kai labarin Jega da kaina.

To, ba ɗana kaɗai ya yi karatu ba. Kowane gida ya tura nasa, kuma ba wanda ya dawo. Wasu suka aiko aka ɗauki iyayensu. Wasu labarin 'yan bindiga da ake ji daga nesa ya ishe su, suka sayar da gona suka koma Jega ko Birnin Kebbi. Sauran kuma suka koma bayan coci, inda ba a tashi da bugu. Tsohuwata ta sassauta doka ba tare da ta gaya wa kowa ba. In ta zo kan gidan da ya tashi, sai ta ɗan taɓa bugunsa, ta motsa baki, ta wuce.

Ranar da muka binne ta cocin ya cika har waje. Duk waɗanda ta taɓa kora da rodi sun zo daga inda suke, zumuntar mata da ankonsu, har da masu mota. Jikata ta zo, ta ga benci ba wurin zama, ta koma da wannan a idonta. Washegari suka watse. Muka rage mu uku: ni, da matar marigayi kafinta wadda ba ta ji, da wani tsoho mai yanar ido da ke bin bango.

Na ɗauki rodin, ba don na iya ba. Hannuna rawa yake, sai in fara kafinta in ƙare a mai niƙa. Malam ya leƙo ta kan darni ya ce, "Yau wa kaka kira? Ko awaki?"

Faston da ke kula da mu daga Jega yake zuwa a babur, wata-wata. Yaron kirki ne, yana durƙusawa in zai gaishe ni. Wata Lahadi bayan sujada ya zauna kusa da ni ya ce manya sun yi magana. Ba za a ci gaba da riƙe wurin don mutum uku ba, za a rufe, a kwashe kwanon rufin a kai inda ake gini.

Na ce, "Ɗana, ai inda biyu ko uku suka taru ma ya isa. Mu mun cika ukun."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba yawa nake nema ba. A ba ni mutum ɗaya mai baƙin gashi da zai zauna a nan. Ɗaya tak. In na samu kafin Kirsimeti ta wuce, ni zan tsaya muku."

Na ce a Jega ana sayar da baƙin shuni na gashi, in ya ba ni mako guda zan kawo masa mutum uku. Ya yi dariya har da hawaye, amma bai janye ba.

Lokacin jikata ta gama karatun jinya, ba ta kama aiki ba. Na lissafa a raina: masu ciwo ba su ƙare ba a ƙasar Maiyama, ɗakin kakarta na nan, rodi na nan. Na kira ubanta.

Ya ce, "Baba, ban kai ta makaranta don ta zo ta buga wili ba."

Na ce, "Wilin nan shi ya tashe ka har ka zama mutum."

Ya ce, "Kai ma ka taho nan mana. Ga ɗaki, ga coci, ga likita."

Na ce in na je can wa zai bar ni in yi karatu da yatsa? Abin haushin, yadda yake jera magana tsaf-tsaf, ina jin haushinsa ina kuma jin daɗin ni na haife shi.

Ita ce ta kira ni da kanta. "Tsoho, zan zo Kirsimeti in ga wuri. Kowa lafiya?"

Na ce kowa lafiya. Ai lafiyarsu lau a inda suke.

Ta iso da yamma ana gobe Kirsimeti, a gajiye, ba ta zaga ko'ina ba. Da safe ta riga ni tashi. Na fito na tarar da ita gindin dogonyaro, ta ɗaura zanen kakarta, rodi a hannu. Fasto ya riga ya iso, yana kakkaɓe benci. Ta jingina wayarta a saiwar itacen, ta ce za ta ɗauki bugun ta tura wa babanta.

Ta fara da kafinta. Wallahi sai da na waiwaya, na zaci tsohuwata ce. Nauyin, tsayawar, komai. Na lallaɓa na je na jawo matar kafinta da hannu, tunda ita ko a kanta aka buga ba za ta ji ba. Jikata ta gan ta a ƙofa, ta yi murmushi, ta koma kan mai niƙa.

Ta buga. Ta buga. Idonta na kan ƙofar gidan, can tsallaken fadamar albasa. Ita tsohuwar dokar ta sani, ba ta nan lokacin da aka sassauta. Mai niƙa kuwa ya daɗe a Birnin Kebbi, gidan ma malam ya saya yana ajiye albasa a ciki.

Ta ce, "Tsoho, mutanen nan har yanzu ba su daina makara ba?"

Na buɗe baki, tarin nan nawa ya zo, na tsallake.

Gumi ya fara keto mata. Ta sauya hannu. Fasto ya fito ya tsaya, ya dube ni, na dubi ƙasa. Can sai ƙyauren gidan ya motsa. Malam ne ya fito, da carbinsa, ɓawon albasa a rigarsa. Ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi, "Ga ni, ɗiyata, na hito. Wuce na gaba."

Ta tsaya da rodin a sama. Ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta koma kan gida na gaba, a hankali. Malam ya san jerin kamar yadda ya san allonsa. Ya ratsa kunyoyi da sandarsa, ya shiga kangon ta baya inda katanga ta zube, ya fito ta ƙofa. Ta wuce. Ya sake ratsawa. Haka suka yi ta yi, tsoho yana ɗingishi daga kango zuwa kango, ita tana bugu hawaye na sauka a kan zanen kakarta, ba ta kuskure ko gida ɗaya ba. Da ta zo kan namu, ƙil-ƙil-ƙil, ina tsaye a gabanta, amma sai da na koma gida na fito ta ƙofa, don doka doka ce.

Malam ya iso bakin coci yana haki. Ya ce, "Barkanku da salla. Ni iyakata nan." Ya juya ya nufi gonarsa.

Muka yi sujada. Na yi karatu, ban tsallake kowa ba, don ranar sunayen masu sauƙi ne. Bayan an tashi fasto bai tambaye ta komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ita ce ta zauna kusa da ni a benci ta ce, "Tsoho, in na zauna, wa zan kira?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Kai ai kana fitowa ko ba a kira ba."

Na ce amarya ba ta barin ango ranar salla. Ta yi dariya, ta kwantar da kanta a kafaɗata, ta ce in bi ta Abuja. Na ce sai na gama cire albasa. Ta san albasata ba ta ƙarewa.

Kafin azumin Ista aka zo da mota aka cire kwanon. Matar kafinta 'ya'yanta suka ɗauke ta, mai yanar ido ya koma wurin ƙanensa a Sarandosa. Ƙarfen ba wanda ya nema. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun taya, na kore su. Yana nan a reshensa, gaban bango huɗu da ba rufi. Damina biyu za ta gama da bangon, laka ce.

Jikata ta sami aiki a wani asibiti a can. Kwanaki ta gaya mini, tana dariya, wai ta yanko bugun gidanmu daga abin da ta ɗauka ta sa a wayarta, in ni ne na kira shi ke tashi. Ta ce abokan aikinta har sun gane, sai su ce ga mijinki nan. Na kai wannan labarin Jega, ya karɓu ƙwarai.

Yanzu ran Lahadi da safe nakan ja kujera gindin dogonyaro in kira ta. Ina riƙe da waya a kunne, na san can a Abuja ƙarfenmu na bugawa a cikin jaka, ko a aljihun farar riga. Aikinsu ba Lahadi, ba kullum take ɗauka ba. In ta katse sai in sake kira. Malam yakan wuce ya ce, "Ba ta hito ba?" In ce tukuna. Ya ce, "To, ci gaba." Ya tafi ban ruwa.