Ƙarar da na kai a kan dabinon da bai haihu ba

Shekarun baya, zamanin da kwamandan Faransa ke zaune a Gure, ina saurayi ina kasa dabino a kasuwa. Sarowa nake yi daga masu itatuwa, ribar kuwa ba ta wuce ta tuwo. Sai na ce ni ma sai na mallaki nawa. Na tara ƙwallayen dabinon da ya fi zaƙi na shuka a kwarin mahaifiyata, bakwai suka kama. Shekara huɗu ina ba su ruwa ina gyara shingen ƙaya. A raina har na yi aure da kuɗinsu, na sayi doki.

Wata safiya na tarar da shingen a kwance, raƙuma uku a ciki. Sun cinye shida har tsakiyar da sabon ganye ke fitowa, na bakwai, wanda ya fi girma, suka bar shi dungu. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Mai raƙuman wani dattijo ne makiyayi daga wajen Kelle. Bai yi musu ba, ya ba ni haƙuri, ya ce zai ba ni awaki biyu. Mahaifiyata ta ce in karɓa, ni kuwa na ce sai alƙali ya raba mu.

Gaban alƙali na zuba lissafi tiryan-tiryan: abin da kowane itace zai haifa a shekara, har shekara goma, da farashinsa a kasuwa. Abin mamaki, jimlar ta zo daidai da raƙuma uku. Dattijon ya sunkuyar da kai, don su ne duk abin da ya mallaka.

Alƙali ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Samari, ƙwallo ka shuka, ko ɗa ka ciro daga gindin uwa?"

Na ce, "Ƙwallo ne, Allah ya gafarta malam."

"To, cikin bakwai ɗin, nawa ne mata?"

Duk mai kwari ya san dabinon ƙwallo ba a sanin mace ne ko namiji sai ya yi fure, namiji kuwa ba ya haihuwa. Ni ma na taɓa ji, kwaɗayi ne ya toshe mini kunne.

Alƙali ya ce ba zai yanke hukunci a kan ƴaƴan da ba wanda ya gani ba, amma wahalar shekara huɗu kowa ya gan ta. Ya umarci dattijon ya samo mini ƴaƴa shida daga gindin uwar da aka san tana haihuwa, ya tayar da shinge, ya taya ni ban ruwa har damina ta faɗi. Na fito ina gunaguni, gani nake an cuce ni.

Dattijon ya cika, har ya ƙara da taki. Biyar suka rayu. Dungun nan ma ya farfaɗo, bayan ƴan shekaru ya yi fure, sai ga shi namiji. Shi ne kuwa na fi ɗora wa kuɗi a gaban alƙali. Mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye.

To amma furensa nake yankowa ina ɗaura wa matan nan biyar, don sai da furen namiji mace ke haihuwa. Shekarar da suka cika da ƴaƴa, na rasa abin da zai kai mini kaya Damagaram. Dattijon ya zo da raƙumansa, muna ɗaure kaya ya ce, "Ɗana, da ka karɓe su ranar nan, da tuni ka sayar ka sayi doki."

Gaskiya kuwa ya faɗa.

Har yau in na tuna yadda na so in raba tsoho da abincinsa saboda dabinon da ke cikin kaina kawai, kunya nake ji. Asarata ta gaske an mayar mini, har da riba. Namijin nan yana nan tsaye, bai taɓa ba ni ƙwaya ɗaya ba. Jikokina sun sha cewa a sare shi a yi azara, ni kuwa na ce sai bayan raina.