Ba Ganganci Ne Ya Kashe Kwano Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, tara ga watan nan, da la'asar sakaliya, Allah Ya karɓi ran malaminmu na wasan babur, wanda kowa ya sani da Kwano. Ya faɗi a filin siminti na bayan tsohuwar ma'ajiyar kaya, inda muke atisaye, ya cika kafin mu isa asibiti. Ya bar mahaifiya da mata da 'ya mace da ba ta fara tafiya ba.

Kwano, mu muka laƙaba maka wannan suna don tsokana, saboda ko tsallaka titi za ka yi da babur sai ka kifa hular kwano. Ba ka taɓa jin haushi ba. Ni mai walda ne, da girmana na zo wurinka koyo, ina ɗokin ɗaga tayar gaba. Ka hana ni. Ka sa na yi ta zagaya fili ina taka birkin baya har ƙafata ta yi tsami, kana cewa wanda ƙafarsa ba ta san birki ba, bai kai ya kalli sama ba. Duk wanda ya zo ba hula, ka cire taka ka ba shi, kai ka zauna a kan tsohuwar taya kana kallo.

Da muka zo kan juyawa a taya ɗaya, nan na san haƙurinka. Ɗaga gaba ba wuya, karkata babur yana tsaye shi ne aiki. Ka koya mana a danna tanki da gwiwa, a kai ƙugu ɓangaren da ake so, a kalli inda za a nufa, ƙafar dama kuwa ta zauna a kan birki, domin idan babur ya nemi kifewa ta baya, shi kaɗai ke dawo da shi ƙasa. Na zube ya fi a ƙirga. Kullum ka ɗaga ni, ka kaɗe mini ƙura, ka ce, “Ƙasa ta gaishe ka, tashi mu sake.”

Mutumin nan ne yau ake yawo da bidiyon faɗuwarsa a wayoyi. Waɗanda ba su taɓa riƙe kan babur ba suna taɓe baki, wai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganar ta bi maƙwabta har ɗakin mahaifiyarka. Da na je gaishe ta, ta kama hannun rigata ta ce, “Ɗan nan, gaya mini gaskiya. Wai da gaske shi ya jefa kansa?” Tsohuwa ta daina cin abinci, tana tsoron ɗanta ya je gaban Ubangiji da alhakin ransa. Wallahi tun ranar zuciyata ke tafasa.

To, ga gaskiyar. A wurinmu akwai ƙa'ida: in ka ari babur ka taɓa ko ƙusa ɗaya, ka mayar yadda take, ko ka faɗa kafin ka miƙa makulli. Ran nan Dogo, ɗaya daga cikinmu, ya ari naka. Ƙafarsa zungureriya ce, sai ya kwance abin taka birki ya yi ƙasa da shi don ya ji daɗi. Ya dawo da babur filin, ya miƙa makulli, bai ce uffan ba. Kai kuma ka hau don ka nuna mana juyawa hagu sau ɗaya. Gaba ya tashi, ka karkata, babur ya zarce baya. Ƙafarka ta danna inda ta saba, birkin bai kama ba. Ni na kwashe babur ɗin zuwa shagona, na ga sabon sawun sifana a jikin ƙusar abin taka birkin.

Na tari Dogo da maganar. Ya ce, “Don Allah ka rufa mini asiri, ai kwanansa ne ya ƙare.” Na sani, ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban ce da gangan ya yi ba. Amma ya zauna cikin masu gaisuwa, yana ji ana kiran ka mai ganganci, ya sunkuyar da kai ya yi gum. Wannan shirun ne ba zan iya haɗiyewa ba. Asirin da za a rufa da mutuncin mamaci da hawayen uwarsa, ba da ni ba.

Kai ma, Kwano, ina jin haushinka. Babur ɗin kowa sai ka tsuguna ka duba kafin ya hau, naka kuwa ka yarda da mu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba matarka dangana, Ya raya 'yarka, Ya sa ta ji labarinka daga bakin waɗanda suka san ka. Ya ba Dogo ƙarfin zuciyar da zai je ya durƙusa ya faɗi abin da hannunsa ya yi.

Ke kuma Inna, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Ki ci abinci, ki yi wa ɗanki addu'a da kwanciyar rai. Bai jefa kansa ba. Ina tsaye a wurin, da idona na gani, ya taka birki.