Ranar da Bayan Yayana Ya Ƙage

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da Bature ya fara zuwa ƙauyenmu ba, can gabas da Dutse.

A lokacin ba a daɗe da naɗa yayana dagaci ba. Rawani na hawa kansa sai ciwon baya ya same shi. Ciwon kuwa mai wayo ne, ba ya tashi sai an zo gaisuwa. Ko Baffanmu da ya rene mu, daga tsaye yake gaishe shi, hannu dafe da ƙugu. Baffa maɗori ne, ya san ƙashi, amma bai taɓa cewa uffan ba.

Da Bature ya iso a kan doki, sai ga Yaya ya sheƙa a guje, ya sunkuya har rawaninsa ya share ƙasa, yana ta yi masa kirari, "Zaki! Zaki!" Ni da ke kusa na ji wani abu ya yi ƙas. Bature ya gama bayanin haraji, Yaya na duƙe. Ya juya zai tafi, Yaya na duƙe. Tafinta ya ce Bature ya ji daɗi, duk ƙasar nan bai ga dagaci mai ladabi irin wannan ba.

Sai da ƙurar doki ta kwanta Yaya ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Kama ni, na kasa miƙewa." Gumi ya jiƙe masa riga. Nan dariyar da nake dannewa ta ɗauke mini, don na taɓa ganin akuyar da bayanta ya karye tana jan ƙafafu.

A haka muka kinkime shi zuwa zauren Baffa. Tsoho ya bi gadon bayan da yatsa gaɓa-gaɓa, sannan ya tsikari tafin ƙafarsa da ƙaya.

"Ka ji?"

"Na ji, Baffa."

"To, laka ba ta taɓu ba, za ka taka."

"A miƙar da ni, don Allah."

Baffa ya gyara zama ya ce, "Saurin me kake, ranka ya daɗe? Bari in gama amsa gaisuwata."

Yaya dai ya warke bayan jinya, har ya yi noma a daminar.

Tun daga ranar na fahimci cewa bayan da bai saba sunkuya wa na gida ba, ran da ya sunkuya wa baƙo ba lallai ya miƙe ba.