Ranar Da Muka Karya Ƙofa Da Taɓare

A shekarun da Nasara ba su daɗe da kama ƙasa ba, ni bazawara ce mai sai da fura a wata unguwa kusa da Hubbare. Ba zan ambaci sunan kowa ba, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Katanga ɗaya ta raba gidana da na ƙanwata, wadda ke auren wani majemi. A waje mutum ne mai fara'a, a gida kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri. Sau da yawa takan zo mini da kumburarriyar fuska, ni da kaina nake gasa mata da ruwan zafi, ina ce mata ta yi haƙuri, aure ibada ne. Wannan shi ne kuskurena na fari.

Wata rana da hantsi, maza duk sun tafi fadama yankan shinkafa, sai na ji ihunta. Lokacin tana da cikin wata shida. Na ruga, na tarar mijin ya kulle ƙofar zaure ta ciki. Na buga, ya ce in na isa in shigo. Ko mayafi ban ɗauka ba na zura da gudu zuwa rumfar 'yan doka da ke bakin kasuwa. Su huɗu na iske suna cin goro, na faɗa musu mijin ƙanwata yana dukanta. Babbansu ya tambaye ni ko mijin sata ya yi, ko kuwa hukuma ya zaga. Na ce a'a, kashe ta zai yi. Ya ce tsakanin miji da mata sai Allah, kuma an aiko musu cewa Bature zai wuce, babu mai barin wurin. In zauna in jira.

Na kuwa zauna. Abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Na durƙusa a gabansu ina haɗa su da Allah da Annabi, har inuwar rumfar ta janye, Bature bai wuce ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Ke baiwar Allah, mi kika so mu yi? Gobe su shirya, mu kwan da kunya." Nan na miƙe.

Gida gida na bi ina kiran mata. Wasu matan kulle ne da ba su taɓa taka titi da rana ba, amma suka fito da taɓarensu. Mu tara muka haɗu muka ɓalle ƙofar. Shi ya haura katanga ya gudu. Ita muka same ta kwance cikin jini bakin rijiya. Cikin ya zube. Ta rayu, amma kunnenta na hagu bai ƙara ji ba.

Kashegari tun da safe sai ga 'yan dokan nan, su huɗun, sun zo kama ni, wai na fasa gidan mutum. Ranar ƙafarsu ba ta yi nauyi ba. A gaban alƙali na ce ni na fasa, kuma in aka sake zan sake. Na nuna babbansu na ce a tambaye shi inda yake lokacin da jinin ke zuba. Ya sunkuyar da kai. Alƙali ya sallame ni, ya raba auren. Su kuwa ba abin da aka yi musu. Unguwa ta daɗe tana kirana marar kunya, na amsa.

Yau na tsufa, ba na nadamar komai sai haƙurin da na koya mata da durƙuson da na yi. 'Yan'uwana mata, in kun ji ihu ta bayan katanga, ku kai ƙara, hakkinku ne. Amma in aka ce ku zauna ku jira, kada ku zauna. Mai hukuma yana da gobe, wadda ake duka ba ta da tabbacin la'asar.