Tikitin Zuwa Kawai

A tashar Makarfi wata dattijuwa tana tsaye gaban teburin ɗan kamasho, hannunta ya sha lalle, ga ɗaurin rake jingine da ƙafarta. Mayafinta sabo ne fil. Da gani ziyara za ta, ba kasuwa ba.

"Iya, ki yanki na zuwa Gubuchi da dawowa gaba ɗaya, ya fi araha," in ji ɗan kamashon.

Tana jinjina maganar tana murmushi, kamar tun daga nan take jiyo ihun jikokinta.

"A'a, ɗan nan, ba ni na zuwa kawai. In yaran suka ga na dawowa a hannuna, wa zai ɓoye mini takalmi don in kwana?"