Tsoka Ɗaya, Kitse Ɗaya

Ni da bokona bai wuce aji biyu ba, ni ke rubuta wa mahautan kasuwarmu a Garwa jadawalin yanka da hannu. Yanzu samari sun ce in ban iya kwamfuta ba, in sauka daga aikin.

A shagon buga takardu, Madam mai koya mini ta nuna yadda ake rina layukan jadawali a kwamfuta: wannan fari, na ƙasansa ruwan toka, don kada ido ya tsallaka sunan wani. Sai na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli a hancina.

Haka marigayi maigidana yake jera tsire, tsoka ɗaya, kitse ɗaya. Ran da na cika tsinke da kitse zalla, ya zare shi da yatsunsa masu maiƙo, ya ce, "Ɗan nema, sake! Ba a tashi sai ya jeru." Na yi ta yi har hayaƙi ya sa ni hawaye.

Yau duk layukan na rine su toka. Madam ta ce, "Baba, a bari sai gobe." Na ce, "'Yata, goge mu sake."

Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya saita mini yatsan nan mai rawa.