Marlys Mai Auna Wutar Babur

Ƙarfe bakwai Marlys Heikkinen ke ɗaga ƙofar garejinta a garin Duluth mai tsananin sanyi, ta ɗora kofi, ta rataya mitar auna wuta a wuya. Shekara talatin da huɗu ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta jona wa babur rigar ɗumi ko safar hannu mai lantarki sai ta auna wutar da koyil ɗin injin ke bayarwa. Kuma a silo take aunawa, ba a guje ba.

Orrin Maki shaida ne. Bara, da sanyin Oktoba ya shigo, matarsa Verna ta roƙe shi ya kai ta bakin tafki a babur kamar yadda suka saba, ko sau ɗaya, kafin ciwon gaɓoɓi ya hana ta hawa. Yatsunta ba sa jure sanyi. Orrin ya sayo musu riguna da safar hannu masu lantarki, ga ƙarin fitilu da rediyo da ya riga ya ɗora wa babur, ya kawo wa Marlys ta jona.

"Littafin babur ya ce yana ba da wuta wat ɗari uku," in ji shi. "Na yi lissafi."

"Littafin da mai gudu yake, tsoho. Kai tafiyar kunkuru kake yi." Marlys ta nuna masa mita. "Ka kunna duka, kafin mil arba'in batir ya mutu. Verna ta tsaya a daji, hannu ya sandare."

"To sa babban batir mana."

"Batir randa ne, ba rijiya ba. In na cire fitilun nan da rediyo, wat ɗari zai rage. Na mutum ɗaya ne. Zaɓi."

Ya yi ƙunƙuni, wai ta raina masa babur, sannan ya ce, "Jona nata."

Ta jona, ta ciro tsohuwar rigar ulu daga ƙusa ta jefa masa. Suka je, suka dawo. Verna ta sauka tana motsa yatsu, tana dariya. Orrin ya kwana biyu yana atishawa.

Marlys, ke ce mai faɗa wa mutum gaskiyar baburinsa ido da ido, ya tafi da fushi, ya dawo gida lafiya. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu gareji, ku auna kafin ku jona. In wutar ba ta isa ba, ku faɗa.